Tambaya Da Amsa: Ɗan Besbol Ya Yi Wa Alƙali Ihu A Fuska, Kora Ta Isa Ko Sai An Dakatar Da Shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan satin abun ya ban mamaki, saƙonni huɗu cur duk akan besbol, wasan nan na Amurkawa da ake jefa ƙwallo ana bugunta da sanda, kuma ba wanda ya tambayi yadda ake cin maki ko waye ya ɗau kofi, kowa rigimar 'yan wasa da alƙalai ce ta dame shi. Toh bismillah, ga su nan, na ɗan rage tsawon wasu.

TAMBAYA TA FARKO

Malam barka da aiki. Ni dai ba mai kallon besbol bane, amma ina yawan cin karo da bidiyonsu a YouTube da Facebook, sai kaga babban mutum da furfurarsa ya rugo da gudu ya kafa hancinsa a hancin alƙalin wasa yana ta zazzaga masifa kamar zai haɗiye shi, wani ma harda watsa ƙasa da ƙafa, kuma wai washegari sai ka ganshi a fili kamar ba abunda ya faru. Shin su basu da doka ne? A ganina duk wanda yayi haka a dakatar dashi wasa goma kawai kowa ya shiga taitayinsa. Ko ya ka gani?
— daga wani mai karatu

AMSA

Ɗan'uwa barka kadai. Suna da doka, kuma dokar ma a rubuce take ɓaro-ɓaro. A littafin dokokin babbar gasarsu ta MLB an ce duk hukuncin da alƙali ya yanke da ganin idonsa, wato ko jifa ta shiga ko bata shiga ba, ko mai gudu ya riga ƙwallo isa tasha (wato ɗan matashin da ke kafe a ƙasa wanda ake gudu a taka) ko ƙwallo ta riga shi, to ya yanku, ba mai ja, sai dai ta hanyar ƙalubalen na'ura da zan zo kansa a ƙarshe. Musamman maganar jifa, wadda suke kira sitiraik in ta shiga, bol in ta kauce, in ka baro wurinka ka taho gardama akanta za'a ja maka kunne, in baka tsaya ba a kore ka. Kenan abunda kake gani a bidiyo yawanci mutum ne da an riga an kore shi, ya san tasa ta ƙare a wasan ranar, shine yake cewa bari in amayar da duk abunda ke cikina kafin in wuce.

Amma bari in fara nuna maka daga ina wutar take tashi. Tsakanin mai jifa da mai sanda mita 18 ne da ɗan ɗoriya, ƙwallon kuma tana zuwa da gudun da ya kai kilomita 150 a awa ko ma fiye, kafin ka ƙifta ido ta iso, bata kai rabin daƙiƙa. Farantin da ke ƙasa a gaban mai sanda, wanda ake so ta bi ta samansa, faɗinsa inci 17 ne kacal, sannan tsayin wurin da ake ƙirgawa daga gwiwar mai sanda ne zuwa wajen ƙirjinsa, wani akwati ne a iska da ba wanda ya zana shi. Alƙalin yana tsugune a bayan mai cafka da ƙarfe a fuska, kuma dole ya faɗi hukunci nan take, haka zai yi ta yi fiye da sau ɗari a wasa ɗaya. Shi kuma mai sanda abincinsa kenan, da lissafin bugun nan ake masa kwantiragi. Ka haɗa waɗannan biyun, wasa 162 a kaka ɗaya, kusan kullum suna tare wata shida, ai ko harshe da haƙori ana saɓawa balle su.

Toh yanzu ga inda na tsaya. Ni ban yarda a dakatar da mutum don ihu kawai ba. Baki, kora ta ishe shi, da 'yar tarar da ake ɗora masa. Amma da zarar jiki ya shigo, hannu ko ƙirji ko yawu ko wani abu da aka jefa ya sami alƙali, nan kam babu wani tausayi, a dakatar dashi kuma mai zafi. Su ma hukumar MLB kusan a nan suka ja layin, matsalata dasu ita ce basa riƙe ma'auni ɗaya, zan zo kan wannan.

Su alƙalan da kansu suna da nasu tsarin da ba'a rubuta ba. Zaka iya cewa hukuncin nan shirme ne, jifar nan ko kusa bata shiga ba, da yawansu zasu ƙyale ka ka huce. Amma kana juya maganar kan mutum, ka ce kai ne kaza kai ne kaza, shikenan sai kaga an ɗaga hannu an nuna maka hanya. Haka in ka ɗau sandarka ka zana layi a ƙasa kana nuna wa 'yan kallo inda ƙwallon ta bi, wannan tozarci ne a wajensu, ko uffan baka ce ba ka tafi. Kuma ka sani korar besbol ba irin jan kati bace ta ƙwallon ƙafa, ba'a barin kulob da gurbi, wani ne zai taso daga benci ya maye wurin. Shi ya sa take da araha, shi ya sa kuma ake yawan sayenta.

Manajoji, wato kociyoyin kulob, kam sana'a suka mayar da ita. Bobby Cox na Atlanta Braves an kore shi fiye da sau 160, kaga kusan kaka guda kenan cur ya yi ta a ɗakin canza kaya, kuma ba wanda ya kamo shi har yau. Amma in ka lura da kyau sau da yawa ba don kansa yake yi ba, yana hango ɗan wasansa ya fara tada jijiyar wuya sai ya rugo ya shiga tsakani ya karɓe rigimar, a kore shi shi, yaron ya cigaba da wasa. Tsoho a benci in ya tafi mataimakinsa na nan, amma gwanin bugu in ya tafi ba mai buga maka. Earl Weaver na Baltimore Orioles shi kuma wayonsa ya fi bani dariya, kafin ya fara masifa sai ya juya hularsa baya, saboda ya samu ya matso da fuskarsa dab da ta alƙali ba tare da bakin hular ya taɓa shi ba. Kaga mutumin da ake cewa ya fita hayyacinsa, amma ya tuna da bakin hula! Ashe ya san inda layin yake sarai. Kuma ba tsoron banza yake ba, a 2019 Aaron Boone na Yankees ya sha dakatarwar wasa ɗaya bayan wata masifa da ya zazzage wa wani sabon alƙali, a ciki bakin hularsa ya gogi alƙalin.

Yanzu bari mu zo inda abun ya daina zama dirama. Ranar 27 ga Satumba 1996 a Toronto, Roberto Alomar na Orioles, alƙali John Hirschbeck ya kira masa sitiraik na uku, wanda ke nufin damar bugunsa ta ƙare, aka yi cacar baki aka kore shi, manajansa ya shiga tsakani yana tare shi, sai kawai Alomar ya leƙo ya tofa wa alƙalin yawu a fuska, gaban kyamara, duk duniya ta gani. Ya ce wai alƙalin ne ya fara zaginsa. Da ma nan ya tsaya da sauƙi, sai bayan wasa ya gaya wa 'yan jarida wai mutumin ya zama mai ɗacin rai tun da ɗansa ya rasu, alhali yaron ƙarami ne da wata cuta ta ƙwaƙwalwa ta ɗauke shi shekara uku kafin nan. Washegari da Hirschbeck ya ji wannan maganar sai da aka rirriƙe shi, don ɗakin 'yan wasan ya nufa. Hukuncin fa? Wasa biyar. Kuma ba ma nan take ba, aka ɗaga sai farkon kakar 1997, Alomar ya buga wasannin ƙarshen kaka harda cin ƙwallayen da suka kai kulob ɗinsa gaba. Alƙalai suka ce wallahi bazasu fito aiki ba, sai da kotu ta tilasta su. Daga baya dai mutanen biyu sun shirya, sun gaisa a fili a watan Afrilun 1997, Alomar ya riƙa bada gudummawa wajen binciken cutar da ta kashe yaron, har suka zama abokai. Wannan abun a yaba ne, amma yafiyar da wanda aka zalunta ya yi bata wanke hukumar ba, wasa biyar akan yawu a fuska wasa ne da hankali.

Ka kwatanta da Pete Rose. A 1988 yana manajan Cincinnati Reds, wani jinkirin hukunci a tasha ta farko ya jawo aka ci su, ya fito suka yi ta nuna wa juna yatsa da alƙali Dave Pallone, Rose ya ce yatsan alƙalin ya karce shi a fuska, ya bangaje shi har sau biyu, 'yan kallo suka hau jifa da duk abunda hannunsu ya samu sai da alƙalin ya bar fili. Kwana 30 aka bashi da tarar dala 10,000. Shi kuma Delmon Young a 2006, yana ɗan shekara 20 a ƙaramar gasa, an kore shi ya juya kamar zai tafi sai ya wurgo sanda ta sami alƙali a ƙirji, wasa 50 ya sha. Bangaza kwana 30, sanda wasa 50, yawu wasa 5. Ni dai na kasa gane lissafin, ban da cewa ɗaya tauraro ne ana dab da wasannin da suke kawo kuɗi.

Don haka wasa goma ga duk mai ihu, a'a ɗan'uwa, kafin tsakiyar kaka rabin manajoji suna gida. Ga mai tofi kuwa goman ma ta yi kaɗan.

TAMBAYA TA BIYU

Salam Malam. Ni karatu ya kawo ni Amurka kuma a nan na koyi kallon wasan, har na fara sonsa. Abunda ke ƙona min rai kullum ɗan wasa ake hukuntawa, shi alƙalin da ya tafka kuskuren da ya jawo rigimar ba mai ce masa komai. A talabijin muna ganin akwatin nan ƙarara, ƙwallo ta fita waje da tazara amma ya ce ta shiga, yaro ya yi magana a kore shi. Wannan adalci ne? Su waye ke hukunta su?
— daga wata 'yar'uwa ɗaliba

AMSA

'Yar'uwa Allah ya bada sa'ar karatu. Gaskiyarki, in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Akwai alƙalan da su ke neman rigimar, ɗan wasa ya yi gunaguni ya juya ya tafi abunsa, maimakon a ƙyale shi sai kiga alƙali ya cire ƙarfen fuska ya bi shi da ido ko ma da ƙafa yana jiran ya ƙara kalma ɗaya. Wannan ba riƙon wasa bane, neman suna ne.

Ga wani da ya faru a Afrilun 2024 a filin Yankees a Niyok, suna wasa da Oakland. Ko jifa goma ba'a yi ba, alƙali Hunter Wendelstedt ya ja wa manajan Yankees Aaron Boone kunne ya ce kar ya sake jin bakinsa. Boone ya yi shiru. Sai wani ɗan kallo dake zaune bayan rumfar 'yan wasa ya kwarara ihu, alƙali ya juyo ya kori Boone. Mutumin nan ya fito yana nuna bayansa da hannu yana rantsuwa bashi bane, ga mai maganar can, makirfon na ɗauka kowa na ji, alƙali ya nuna shi ba ruwansa da ko waye ya faɗa, ya tafi kawai. Toh a irin wannan in Boone ya yi ihu wa zai ga laifinsa?

Amma cewa ba'a taɓa hukunta su, ba haka bane. A 2007 an dakatar da Mike Winters sauran wasannin kakar saboda baƙar maganar da ya yaɓa wa Milton Bradley na San Diego a tasha ta farko, kuma abun tausayi a garin riƙe Bradley da manajansa ya yi don kar ya kai wa alƙalin hannu, suka faɗi, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. A 2014 Joe West, wanda ya fi kowa yawan alƙalanci a tarihin gasar, ya sha wasa ɗaya saboda ya cakumi rigar wani mai jifa Jonathan Papelbon, shi Papelbon ɗin aka bashi bakwai akan wata alamar rashin kunya da ya yi wa 'yan kallo. A 2017 West ya sake shan uku saboda ya faɗa wa ɗan jarida cewa ɗan wasa Adrian Beltre ya fi kowa ƙorafi. Kin ga dai ana yi, sai dai ki lura duk akan hali ne, ba akan kuskuren ido ba. Kuskuren ido ana bin diddiginsa da na'ura bayan kowane wasa ana basu maki, yana kuma shafar wanda za'a ba manyan wasannin ƙarshen kaka, amma a ɓoye ake yi. Ɗan wasa a sanar da hukuncinsa a jarida, na alƙali a rufe a ofis, dole mai kallo ya ga kamar an fifita wani.

Su ma fa suna da nasu kukan. A watan Agustan 2017 da yawansu suka ɗaura farin ƙyalle a hannu suka fito aiki, zanga-zanga kenan, saboda Ian Kinsler na Detroit ya caccaki alƙali Angel Hernandez a gaban 'yan jarida ya ce ya nemi wata sana'ar, aka ci shi tara kawai ba dakatarwa. Su a ganinsu an bar su a buɗe kowa ya zage su ya biya kuɗi ya wuce.

Sai kuma in baki labarin da ni duk lokacin da aka zo wannan gardamar shi nake tunawa. Ranar 2 ga Yuni 2010 a Detroit, Armando Galarraga, ɗan Benezuwela, ba wani shahararren mai jifa bane, ya fitar da mutum 26 a jere ba wanda ya taka ko tasha ta farko. Saura mutum ɗaya ya yi abunda suke kira cikakken wasa, abun da a tarihin sama da shekara 100 ba'a yi shi sau 30 ba. Na 27 ɗin ya buga ƙwallo a ƙasa, abokin wasansa Miguel Cabrera ya ɗauka ya jefo, Galarraga ya cafke ya taka tashar, ya riga mai gudun da taku guda kowa ya gani, har ya fara ɗaga hannu zai yi murna. Sai alƙali Jim Joyce ya baje hannuwa, wai mai gudu ya tsira. Fili ya ɗau ihu, manaja Jim Leyland ya fito, 'yan wasa suka yi caa. Shi kuwa Galarraga murmushi kawai ya yi, irin murmushin nan da ya fi kuka ciwo, ya koma kan tudunsa ya fitar da na gaba. Bayan wasa Joyce ya kalli bidiyo, bai yi wani borin kunya ba, ya fito ya ce shi ya yi kuskure ya hana yaron abunsa, ya nemi a kira masa shi ya bashi haƙuri. Washegari Galarraga ne ya kawo masa takardar jerin 'yan wasa a tsakiyar fili, Joyce yana share hawaye. Ba'a canza hukuncin ba har yau. Da Galarraga ya yi ihu ranar ba mai ganin baƙinsa, ni ma da zan ce a kore shi a barshi haka. Da ya kai hannu kuwa, duk da an cuce shi ƙiri-ƙiri, sai in ce a dakatar dashi, don in aka ce wanda yake da gaskiya yana iya taɓa alƙali, ai kowa a lokacin da jininsa ya hau gani yake shine mai gaskiya.

TAMBAYA TA UKU

Malam wai meye amfanin dakatar da mutum wasa uku ko biyar a gasar da ake buga 162? Ai hutu aka bashi.
— daga wani mai karatu

AMSA

Kusan hakan ne. Biyar cikin 162 daidai yake da kamar wasa ɗaya a gasar ƙwallon ƙafa mai wasa 38. Kuma ya danganta da waye. Mai jifan da ke fara wasa dama sau ɗaya yake fitowa a duk wasa biyar, in ka dakatar dashi biyar kwana ɗaya kawai ka ture masa layinsa, ko a jikinsa. Sannan ɗan wasa yana da damar ɗaukaka ƙara ya cigaba da bugawa har a saurare shi, sai kaga an zaɓi lokacin da ya dace da kulob a janye ƙarar a yi zaman, ko a rage masa wasa ɗaya. Inda yake ɗan cizo shine kulob bashi da ikon cike gurbin wanda aka dakatar akan laifin cikin fili, benci zai rage mutum ɗaya har ya dawo, kuma in mai cafka ne kamar Yadier Molina da ya sha biyar a 2011 akan bangazar alƙali, to rashinsa ana jinsa. Paolo Di Canio da ya ture rafali a Ingila a 1998 wasa 11 ya sha, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaka, ka auna da kanka.

TAMBAYA TA HUƊU

Ranka ya daɗe, tunda yanzu akwai kyamara da kwamfuta ko'ina, me zai hana a bar na'ura ta yanke hukunci kowa ya huta da wannan hayaniyar? Sannan don Allah da gaske ne wani koci ya taɓa tuge tasha ya tafi da ita, ko haɗin bidiyo ne?
— daga wani dattijo mai bibiyar shafin

AMSA

Baba Allah ya ƙara lafiya, bari in fara da ta biyun don ta fi daɗi. Da gaske ne. Lloyd McClendon ne manajan Pittsburgh Pirates a 2001, aka ce ɗan wasansa bai riga ƙwallo ba a tasha ta farko, ya fito ya yi masifa aka kore shi, sai ya sunkuya ya tuge tashar daga ƙasa ya saƙale ta a hammata ya yi tafiyarsa da ita, sai da aka kawo wata. Wani manajan, Lou Piniella, shi a 1990 wurgi ya yi da ita, ya ga bata yi nisa ba ya bi ta ya ɗauka ya sake wurgawa. Akwai Bobby Valentine manajan Mets a 1999, an kore shi ya shiga ciki, can sai ga wani mutum a lungun rumfa da baƙin tabarau da gashin baki na bogi, ashe shine ya dawo, kyamara ta kama shi, wasa biyu da tarar dala 5,000. Wannan dakatarwar na yarda da ita duk da abun dariya ne, don in an kore ka ka ƙi tafiya ko ka dawo, to korar ma ka raina, dole a nemi abunda ya fi ta. Ɗan wasa Bryce Harper ma a 2016 wasa ɗaya ya sha akan ya dawo fili murnar nasara bayan an kore shi kuma ya ɗura wa alƙali ashar.

Maganar na'ura kuwa ai an daɗe da kama hanyar. A 2008 aka fara duba bidiyo akan ƙwallon da aka buga ta tsallake katangar fili kaɗai, a 2014 aka faɗaɗa, manaja zai iya ƙalubalantar hukunci a duba a wata cibiya a Niyok, kuma in an dawo da amsa ka ce zaka yi gardama kora ce kai tsaye. Da wannan tsarin yana nan a 2010 da Galarraga ya samu abunsa cikin minti biyu. Wannan ya kashe yawancin rigimar tasha, shi ya sa irin su McClendon suka yi ƙaranci, da wa zaka yi faɗa, da mutumin da ke zaune a wani gari da abun ji a kunne? Sai rigimar duk ta tattaru ta koma kan jifa, tunda ita bidiyon bai shafe ta ba.

Ita ma an zo kanta. Koriya ta Kudu tun 2024 na'ura ce ke kiran kowace jifa a babbar gasarsu, alƙali ji kawai yake a kunne ya faɗa. Amurkawa sun gwada hakan a ƙananan gasanni, amma suka zaɓi tsaka-tsaki, a watan Satumban 2025 suka amince daga kakar 2026 alƙali ne zai cigaba da kira, sai dai kowane kulob yana da damar ƙalubale biyu, in ka yi daidai ba'a cire maka. Kuma mutum uku ne kawai ke da ikon yi, mai jifa, mai cafka, mai sanda, nan take, ta hanyar dafa hula, ba waiwayen benci. Cikin daƙiƙa goma sha wani abu sai a nuna a babban allo kowa ya ga inda ƙwallon ta bi.

Ni wannan tsarin ya min, don ya ƙwace wa mai masifa hujjarsa. Da in ya yi ihu sai ya ce bashi da wata hanya, yanzu za'a ce masa in ka tabbata me ya hana ka dafa hula? In kuma ya dafa allo ya nuna alƙali ne da gaskiya, gaban mutum dubu arba'in, sai ya sunkuyar da kai ya koma. Amma Baba kar ka sa ran shiru gaba ɗaya. In ƙalubalen biyu suka ƙare tun a zagaye na uku cikin tara, sauran wasan ido ne zai yi aiki. Ga maganar ko mai sanda ya kai bugu ko ya tsayar da hannu a rabi, wannan har gobe alƙalin gefe ake tambaya. Ga mai jifan da ya sami mutum a haƙarƙari da ƙwallo, da gangan ne ko kuɓuce masa ta yi, kyamara zata nuna maka inda ƙwallon ta sauka amma bata san me ke zuciyarsa ba, alƙali ne zai yanke ko ya kore shi, kuma yana yankewa manaja ɗaya cikin biyun zai taso daga benci.

Masu tambaya akan yadda ake ƙirga maki da ma'anar zagaye tara, na ga saƙonku guda biyu da suka shigo a makare, sai sati mai zuwa in Allah ya kaimu.